Igiyar Tsaro a Lokandar Gadarif

Duk wanda ya bi tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ta tashi daga Kano ta ratsa Borno da Wadai da Darfur, ya san guzurin shawara ya fi na abinci yawa, domin babu zangon da mutum zai sauka face ya tarar da dattijon da zai rantse masa cewa ɓarayin gaba sun fi na nan hatsabibanci. Ni kuwa, da yake almajiri ne mai riƙon karatu, sai na haddace shawarwarin kaf, har ya zamana sa'ad da na baro Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, na hau jirgin ƙasa a Sinnar zuwa Gadarif, ina kallon kowane mai rawani a matsayin ɓarawon da bai sami sarari ba tukuna.

Na iske garin, wanda tsofaffi ke kira Kasuwar Abu Sin, a tsakiyar kakar riɗi, ya cika maƙil da 'yan ƙodago daga kowace nahiya, cikinsu har da 'yan'uwanmu Takari masu neman kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Na sauka a wata lokanda, wadda ba kome ba ce illa fili mai katanga, an jera gadajen igiya da ake kira angarib, kowa ya biya nasa ya kwanta a sarari. Mai masaukin ya tambaye ni ko ina da amanar da zan ba shi ajiya, na ce masa ni miskini ne, alhali a zuciyata ina yaba wa kaina da na gane tarkon.

Bayan sallar lisha, da aka kashe fitila, sai na shiga aiwatar da ilmina babi-babi. Kuɗina dama na kasa su uku: kaso ɗaya a lalita, ɗaya a cikin layar ƙarya da na rataya a dantse, ɗaya kuma na ɗinke a cikin kubakar wando. Takalmana na ɗaga ƙafafun gado na danne su. Sa'an nan na lalubo burgamina a ƙarƙashin gado, na ɗaure shi da igiya, na ƙulla ɗaya bakin a babban yatsan ƙafata, na karanta abin da ya sawwaƙa, na kwanta ina tausayin sauran gafalallu.

Kafin kiran assalatu sai na ji an fizgi yatsana, fizga mai raɗaɗi. Na zabura ina kururuwa da Hausa da Larabci, “Ɓarawo! Harami!”, na faɗa wa wata inuwa mai sanɗa, muka kife tare da gadon. Nan da nan lokanda ta yamutse, wani ya rarumi sanda, wani buta, wani makaho yana ta salati yana tambayar ko gobara ce. Da aka kawo fitila sai ga ni zaune a kan ƙirjin maƙwabcina, wani Bahabashe ɗan kasuwa mai shirin kama motar Galabat, yana rungume da burgami, igiyata kuwa ta tashi daga wuyan burgamin ta ƙare a yatsana, hujja bayyananniya wadda ko alƙali ba zai nemi shaidu a kanta ba.

Mai masauki ya ce a kwance a gani. Aka zazzage, sai sabulu da ashana da kwalaben turare, waɗanda ban taɓa mallaka ba. Nawa burgamin yana can gefe inda ƙafar wani ta ture shi tun da dare, ya kwana ba mai tsaro, babu abin da ya ɓace a ciki sai ƙuli-ƙuli da kilishi, akuyar gidan kuwa tana tsaye a kansa tana tuƙa, ba alamar nadama a fuskarta.

Wani dattijo Bakatsine da ya daɗe a garin shi ya shiga tsakani. Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya ce, “Ɗana, malamai sun ce tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, amma ban taɓa jin wanda ya halatta ɗaure raƙumin wani ba.” Na ce, “Baba, duhu ne.” Ya ce ai duhun ne ya sa mutanen nan duka suka miƙa kuɗinsu ga mai masauki tun da magariba, ya ƙirga a gaban shaidu, ya rubuta a littafi, ya kulle a akwatin ƙarfe, suka yi barci da ƙafafunsu a sake, hukuncin wadi'a kuwa yana nan a littattafan fiƙihun da nake ɗauke da su a gafaka.

Da yake Bahabashen ya rasa motarsa, kwalba guda kuma ta fashe, sai jama'a suka yanke mini diyya. Na kwance lalita, ba ta isa ba. Na farke layar, jama'a suka yi kabbara. Da aka zo kan kubaka sai na nemi a ba ni zane in ɗaura, mai masauki ya ba ni aron wuƙa, yaran gida suka kewaye ni suna taya ni lissafi, makahon nan kuma yana tambayar ko saura wata ma'ajiya.

Abin da ya rage bai kai kuɗin jirgi zuwa Kasala ba, balle Bur Sudan, saboda haka washegari na bi 'yan ƙodago gonar riɗi da lauje a hannu, kuma ladan kowane mako ni ne na farkon kai shi akwatin ƙarfe. Bahabashen, Allah ya saka masa, da ya dawo daga Galabat ya kawo mini tsarabar gahawa, amma ya roƙi mai masauki a sa gadonsa a ɗaya kusurwar.