Tsegumi: Kishiyoyin masu ziyara a Glastonbury

Ku matso kusa, jama'a, yau gulmar ta Ingila ce. A yankin Somerset akwai wani ɗan gari, Glastonbury, wanda Kiristoci suka daɗe suna kai wa ziyara, saboda ana cewa Yusufu na Arimatiya, wanda Linjila ta ce shi ya yi jana'izar Yesu, ya sauka can ya kafa sandarsa, ta tsiro ta zama itacen ƙaya mai fure. To, masu ziyarar coci sun samu kishiyoyi.

Su wane ne? Masu cewa ƙasa tana da jijiyoyin wani ƙarfi na ɓoye, wai babbar jijiyar ta ratsa ƙarƙashin tudun garin mai tsayin mita 158, inda hasumiyar cocin Mika'ilu ke tsaye ba rufi. Sai ka gan su ƙafa ba takalmi, riƙe da 'yan sandunan tagulla biyu, suna jiran su karkata. In iska ta kaɗa, shi ke nan, ƙasa ta yi magana.

Ga abin da ba a faɗa wa baƙo a shagunan duwatsun sa'a da turare. Alfred Watkins, wanda ya fara zancen layukan da yanzu ake kira jijiyoyin nan a 1921, tsofaffin hanyoyin fatake miƙaƙƙu yake nufi, bai ce akwai wani ƙarfi a cikinsu ba. John Michell ne ya zuba wa miyar gishiri a littafinsa na 1969. A 1989 kuma Hamish Miller da Paul Broadhurst suka ce ai jijiyoyin biyu ne, namiji da mace, Mika'ilu da Maryamu. Har rijiyar Chalice mai jan ruwa da ke garin ba ta tsira ba: wasu sun ce jinin Yesu ne, wasu na uwa ƙasa. Masu awo dai sun ce sinadarin ƙarfe ne.

Amma kada 'yan coci su yi saurin dariya. Gobara ta cinye gidan sufayen garin a 1184, aljihu ya bushe, sai ga shi a 1191 sufaye sun ce sun tono kabarin Sarki Arthur na almara da matarsa, daidai lokacin da ake neman kuɗin gini. Ikon Allah!

Wadda ta fi daɗi ita ce ta Frederick Bligh Bond. Shi aka damƙa wa aikin tonon kufan gidan sufayen a 1908, ya kuwa gano harsashin wani ɗakin ibada da ya ɓace, aka yi ta yaba masa. Sai a 1918 bawan Allah ya buga littafi ya fasa ƙwai: wai ruhohin matattun sufaye ne ke nuna masa inda zai haƙa, ta hannun wani abokinsa da ke rubuta saƙonsu. Shugabannin Cocin Ingila suka haɗiye miyau da ƙyar, bayan 'yan shekaru suka sallame shi.