Risala a Kan Launin Haƙoran 'Yan Firamare

Ka sani, ya kai mai karatu, fannin nan ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ya isa ka tsaya a filin asambuli ranar Litinin, lokacin da malami ke bin layi yana cewa "buɗe baki". A nan za ka tarar farin haƙori baƙo ne, mafi rinjaye kuwa suna tsakanin ruwan masara da ruwan ƙasa.

Masanan zaure sun yi ijma'i cewa ƙazanta ce, suka kafa hujja da alawa da ƙyuyar asuwaki. Wannan mazhaba tana da gaskiyarta, domin dauɗar da ta zauna a bayan haƙori buroshi na korar ta, haka ma baƙin da ruwan maganin ƙarin jini ke bari. Daga nan suka fitar da hukunci guda ga kowa: gawayi da gishiri, in ya ƙi a haɗa da bulala.

Sai dai akwai tabon da ya riga malami zuwa makaranta. Tun haƙoran girma suna cikin dasashi, kafin yaro ya yi famfara, ruwan da yake sha ke gina su. Idan fuloraid ya yi yawa a ruwan, sai su fito da ɗigon fari kamar alli, ko zanen ruwan goro, alhali yaron bai taɓa ɓantarar goro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita guda, amma rijiyoyin Langtang da Kaltungo ba su halarci taron ba. A Tibiri ta jihar Maraɗi abin ya wuce haƙori, har ƙasusuwan yara ya tanƙwara. Kafso ɗin tetarasaikilin, wanda ake ɗura wa ƙananan yara da zarar ciki ya murɗa, shi ma yana rina haƙori daga ciki, shi ya sa likitoci ke hana shi ga wanda bai kai shekara 8 ba.

An daɗe ana gwada bulala a kan wannan nau'i, aji bayan aji, kuma har yau ba a samu haƙori ɗaya da ya yi fari ba. Gawayin ma sai ya kankare fatar haƙorin ya bar launin.

Don haka, malam, in ka ga rabin ajinka da tabo iri ɗaya, ka sallami yaran, ka ɗebi ruwan burtsatsen unguwar a kwalba ka kai a auna.