Sarkin Hanya Na Yini Ɗaya

Ni dai ban iya mota ba. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Abin hawana babur ne roba-roba, shi ma sai an lallaɓa shi yake tashi da safe. Amma ina da usur, domin shekara tara ke nan ni nake busa wa yara tsere a firamaren da nake koyarwa. To, wannan usur ɗin ne ya jawo mini.

Taubashina yana cikin wata ƙungiyar samari a Kano, masu son mota kamar su haɗiye ta. Wata ranar Laraba ya same ni ina shan rake a ƙofar gida, ya ce, "Malam, kakarka ta yanke saƙa. Za mu yi rali daga Bagauda zuwa Riruwai, muna neman shugaban masu tsaron hanya."

Na ce, "Kai da ka san ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Duk wanda ya iya mota so yake ya shiga gasar. Kai kaɗai ne ba ka da amfani a ranar."

A bakin taubashi wannan yabo ne, don haka na karɓa.

A taron farko na gane ashe ba gasar gudu ba ce. Kowace mota za a ba ta kati, a sake su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu a tsakani. An yanka wa kowane zango lokacinsa. Ka iso da wuri a ci ka tara, ka makara a ci ka tara. Aikin yarana shi ne su tsaya a zangon da agogo, su rubuta lokaci, su buga hatimi. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai hular kwano ko a cikin falo, ya yi mana doguwar lacca a kan gasar Dakar da ta fara isa Senegal a 1979, wadda ta sha ratsawa ta Agadas. Ya ba mu labarin ɗan Firaministar Ingila Margaret Thatcher da ya ɓata kwana shida a Sahara a 1982. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, mu ba ma son ko akuya ta ɓata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yara 300 nake tsarawa a fili ɗaya. Motoci 14 ai wasa ne."

Na tara mutum goma, ciki har da ƙannena biyu. Aka ba mu riguna masu ƙyalli. Kuɗin tutoci kuwa bai fito ba, sai na ɗauki wata jar atamfar uwargida da na zaci ta daina ɗaurawa, na kai wa tela ya yanka goma. Ashe ba ta daina ba. Wannan shari'ar daban ce, kuma har yanzu ba a yanke ta ba.

Ranar Juma'a na bi hanya don sanar da iyayen ƙasa. A wani ƙauye tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada, inda na sa zango na uku, na durƙusa a gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, gobe rali zai biyo ta nan. Motoci 14."

Ya gyara zama. "Madalla. Manya ne?"

"Akwai 'ya'yan manya, ranka ya daɗe."

"Za su tsaya, ko wucewa za su yi kamar na bara?"

"Ai dole kowace mota ta tsaya, saboda maganar kati."

"Har da kati?"

"Kowa da katinsa, ranka ya daɗe."

Ya sa mini albarka har sau uku. Na hau babur ina jin daɗin yadda mutanen karkara suka waye da wasan mota. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Asabar da asuba muna bakin madatsar Bagauda, hunturu yana yanka kunne. Nan ƙasar Bebeji ce, mahaifar Alhassan Dantata, wanda ya yi fataucin goro har Gwanja babu mai ɗaga masa tuta, kuma bai ɓata ba. Na riga motocin tashi da awa guda don in duba zangona.

A Tiga na fara ganin alama. Yaran da na ajiye kusa da madatsar da Audu Bako ya gina, wadda aka kammala a 1974, na same su suna ƙirga kuɗi. Ashe duk direban da ya ga yaro a bakin titi yana kaɗa tuta, abu biyu yake zato: ko ginin masallaci, ko masu cike ramuka. Sai ya rage gudu ya wurgo 'yar hamsin ko ɗari. 'Yan acaɓa kuma da sun hango riga mai ƙyalli sai su juya a guje su faɗa gona. Na yi wa yaran faɗa, na karɓe kuɗin don adana, na wuce.

Kwanar Dangora ita ce wuyan aikin. Mai fitowa daga Kano, idan ya miƙe Zariya ya nufa, idan ya karya hagu ya kama hanyar Jos, wadda ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore. Na zo da allo mai ƙatuwar kibiya, amma na manta turke. Sai na ga wani dattijo da baron rake daidai inda nake so.

"Baba, don Allah in ɗaura allon nan a jikin baronka?"

"Ɗaura mana, ɗana. Amma ka sayi rake."

Na saya, na ɗaure allo tamau, kibiya tana kallon Jos. Na tsayar da ƙanena a gefe, na ce ko gobara ta tashi kada ya motsa. Abin da ban lissafa ba shi ne rana tana tafiya, mai rake kuma inuwa yake bi, ƙanena kuwa bai karya ba, ga mai shayi a tsallaken titi.

Tun daga nesa na fara jin kalangu a ƙauyen dagaci. Na ce ko biki ake yi. Da na matso sai ga rumfuna, ga kujerun roba an jera, ga mata sun cika gefen titi da goyo, ga 'yan makarantar allo an wanke su. Wani maroƙi ya hango rigata ya kwarma, "Ga sakatare ya iso! Na gaban goshin mai girma!" Kafin in kashe babur an ɗauke ni sama. Usur yana bakina, ina busawa don a sauke ni, makaɗa suka ɗauka taken jam'iyya ne, suka bi shi da kiɗa.

A nan ne kalmar ta faɗo mini a ka. Rali. A bakin taubashina gasar mota ce, a bakin kowa a ƙasar nan kuwa gangamin siyasa ne. Kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wa ya taɓa shigowa ƙauye da motoci 14 ranar Asabar in ba mai neman ƙuri'a ba?

Mota ta farko ta iso daidai lokacinta, ko sakan ɗaya babu kuskure. Direban ya miƙo kati ta taga yana ihu, "Hatimi! Hatimi!" Jama'a suka amsa, "Sai ka yi! Sai ka yi!" Aka buɗe ƙofa aka fito da shi da hular kwanonsa, aka zaunar da shi kusa da dagaci, aka kawo fura. Magatakardan dagaci ya miƙe ya karanto buƙatu: taransifoma, rijiyar burtsatse, takin zamani kafin damina, da rufin aji biyu da iska ta yaye. Yaron nan ɗalibin jami'a ne, motar ma ta yayarsa ce. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai na ji ya ce, "In Allah ya yarda za a duba." Wallahi da ya tsaya takara a ranar, da ya ci akwatin.

Wata tsohuwa ta kama hannuna. "Ɗan nan, ina atamfar?"

"Iya, ba a zo da atamfa ba."

"To wannan na hannunka mene ne?" Ta zare tutar daga sanda, ta duba ta a rana, ta ce, "Kai, 'yan siyasar bana ko ɗankwali ba sa cikawa." Ta ƙulle a haɓar zane.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Taubashina ne. "Malam, Riruwai ɗin ta dawo jihar Kaduna ne? Ga mu a Tashar Yari, mu shida." Baba mai rake ya tura baronsa ƙarƙashin bishiya, kibiya ta juya ta kalli Zariya, su kuma masu biyayya ga doka suka bi ta.

Motoci bakwai ne suka faɗa hannun dagaci, kowace ta sha fura da jawabi. Ta takwas wata tsohuwar Fijo 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, salansa a ɗaure da waya. Mai ita wani dattijo ne da ya yi shekara 30 yana jigila tsakanin Kano da Jos, ɗansa ne ya biya masa kuɗin shiga don ya ɗebe kewa. Jama'a suka dubi motar, suka yanke hukuncin cewa babu ɗan takarar da zai zo a wannan akwala, suka buɗe masa hanya. Ya tsaya a gabana, na buga masa hatimi, na ce, "Baba, kai ba ka bi kibiya ba?"

Ya ce, "Wace kibiya? Ɗana, ni za a nuna wa Kwanar Dangora?"

Ɗaya ƙanen nawa da na ajiye a bakin dajin Falgore, inda waya ba ta samun sabis, ya yi zaman jira tun hantsi. Da kaɗaici ya ishe shi sai ya fara tsayar da motocin haya masu zuwa Saminaka yana buga musu hatimi a bayan rasit. Ya ce babu direban da ya yi gardama, wani ma har ya tambaya ko na wata guda ne.

Motoci biyar suka ga Riruwai, garin kuza da duwatsu, huɗu daga cikinsu bayan la'asar. Baba mai Fijo ya lashe kofi da tazarar da ba a ma tsaya lissafa ta ba. Ya karɓa, ya juya shi, ya tambaya ko ana iya zuba ruwan lagireto a ciki.

Alhaji shugaba ya cire hular kwano, karon farko da na ga kansa, ya ce, "Malam, ɗan Thatcher mota ɗaya ce ta ɓata, a tsakiyar Sahara. Kai ka ɓatar da shida a kan kwalta." Na zaro kuɗin da yaran Tiga suka tara na ajiye a gabansa. Da su aka ƙara wa mutanen Zariya mai suka koma gida.

An cire ni daga muƙamin a daren, ba tare da an karɓi rigar ba. Uwargida tana bina atamfa turmi guda. Dagaci kuwa yana da lambata, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira: "Sakatare, ina labarin taransifomarmu?" Na yi bayani har na gaji, ya ce ya gane, duk haka kuke cewa.

Don haka mai karatu, idan kana da hanyar taransifoma, ko da tsohuwa ce, ka taimaka ka neme ni. Idan kuma ka bi ta Kwanar Dangora ka ga baron rake da allo mai kibiya, nawa ne, kada ka bi ta.