Oga Ya Shiga Masallaci

Kowace ma'aikata tana da masallacinta, ko da tabarma ce a gindin darbejiya, kowane masallaci kuma yana da mutanensa.

Sarkinsu shi ne Alhaji Yanzu-Zan-Dawo. Sha biyu da rabi yake miƙewa, ya bar hula a tebur da tabarau a kan fayil su tsaya masa shaida, ya sunkuci buta. Zai bi jam'in ƙarfe ɗaya da 'yan Izala, sannan ya jira na ƙarfe biyu tare da 'yan ɗariƙa, don shi mutum ne mai son haɗin kan al'umma. A tsakani akwai nafilfili, akwai gaishe-gaishe har a tambayi lafiyar kakanni, ga mai shinkafa da wake a bakin ƙofa. Sai ƙailula, wadda ya sha tabbatar mini sunna ce, ni kuwa ina ni ina musu? In ya farka La'asar ta ƙarato, kuma a koma ofis alwala ta karye ai asara ce. Masinjansa ya haddace amsa: "Ya shiga masallaci, ranka ya daɗe." Wa zai kai ƙarar mai salla? Da Kaduna ta mayar da zuwa aiki kwana huɗu a mako a ƙarshen 2021, cewa ya yi sai yanzu gwamnati ta fara kamo shi.

Limaminmu akanta ne. Tun da ya dawo umara raka'arsa ta ƙara tsawo. Duk mun san yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa Mu'azu ɗan Jabal kan tsawaita wa mutane salla, amma wa zai tuna wa mai sa hannu a bauca?

Akwai mai shiga da silifa ya fito da takalmin fata. Akwai mai aiko wa'azi ta WhatsApp ƙarfe uku na dare, a tura wa mutum goma ko a ga ba daidai ba. Akwai wanda tun ɗaya ga Ramadan yake ɗaure fuska, ko biro ka nema sai ya ce kada ka ɓata masa azumi. Hajiya mai takardar gudunmawa kowa ɓuya yake in ya hango ta, sai ranar da aka kwantar da matar direba a asibiti, lokacin ake sanin amfaninta. Mu kuma masu ƙirga wanda bai zo jam'i ba, sahun ƙarshe muke zama. Daga can an fi gani.

Duk waɗannan ana zaune lafiya da su. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai carbin lantarki a yatsa, aljihun tebur a buɗe. Tsoho ɗan fansho ya ranto kuɗin mota daga ƙauye, ya tsuguna ya gaishe da yaron da ya yi jika da shi. "Baba, ba a ga fayil ba, sai wani makon insha Allahu." Fayil ɗin yana ƙarƙashin gwiwar hannunsa, na goro yake jira. Yatsa na ta danna istigfari, bai ko ɗago kai ba. Ladan na kira ya zabura, ya ce, "Baba, tashi mu je kada mu rasa sahun farko."