Yadda Na Shayar da Kekena Man Gyaɗa

Keken ɗinkina Butterfly ne, baƙi, mai feda, da malam-buɗe-littafi na ruwan zinare a gadon bayansa. Cikin kayan ɗakin mahaifiyata ya zo, daga baya ya faɗo hannuna. A Shanghai ta ƙasar Sin aka ƙera shi bisa tsarin tsohon Singer, shi ya sa kowane tsohon tela ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Ni kuwa shekara goma ina taka shi a nan Katanga ban taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba.

Ni ba tela ba ce, malamar firamare ce. Abin da nake yi da keken, in na taso makaranta na sauke tukunya, shi ne haɗa ƙyallaye. Teloli suna tara mini guntayen atamfa da shadda da yadin da za su share su zubar, in yanka su daidai faɗin tafin hannu, in jera kala-kala, in ɗinke, in shimfiɗa tsohon bargo a tsakiya, in rufe bayan da zane. Ba na sayarwa. Wannan ne ya gagari mutanen gidanmu fahimta. Inna, uwar maigidana, takan zauna ta zuba mini ido ta ce, "Wagga ɗiya, a yanka tuhwa a sake haɗa ta, kuma ba ko sisi? Allah shi kyauta."

A hunturun farkon 2023 ina kan mafi girman aikin da na taɓa tasa a gaba, bargo mai ƙyalle ɗari huɗu. Akwai ankon bikina a ciki, akwai guntun yunifom ɗin ɗan farina, akwai bakin zanen da mahaifiyata ta goya ni da shi. Na kai rabi sai keke ya fara kuka, ƙii-ƙii, kamar ɗan tsakon da shaho ya ɗauka. Na ɗauko kwalbar man keke, ko ɗigo babu. Lokacin kuwa aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ɗari biyar ɗin da ke hannunka sai ka yi shawara da zuciyarka sau uku kafin ka rabu da ita.

Sai ilimi ya motsa. Na ce ai mai sunansa mai. Maƙwabciyata tana ƙuli-ƙuli, ranar ma ta matse sabon man gyaɗa, garai-garai, har da ɗuminsa. Na karɓo rabin kofi, na bi duk wata ƙofa da na gani a jikin keke na ɗura da ƙaramin cokali. Inda babu ƙofa na shafa.

Gaskiya ɗaya ce, makon farko keke ya yi lafiyar da bai taɓa yi ba. Shiru, sai gudu. Har na tsaya a ɗakin malamai ina ba abokan aiki shawara su daina asarar kuɗi. Allah ya yafe mini, biyu daga cikinsu sun rubuta.

Mako na uku feda ta fara nauyi. Da safe in sanyi ya sauka sai na taka da ƙafa biyu ina nishi kamar mai daka. Sannan kiyashi suka ji labari. Layi guda daga bakin ƙofa, su hau ƙafar tebur, su shige ta ramin allura, wani layin kuma yana fitowa da ƙoshi. Ɗinki a sama tsaf, in na juya ƙyalle sai in tarar da zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Na ce laifin allura ne, na cire na sa sabuwa. Na ɗauko sukundireba na ɗaure duk wani noti da ya kalle ni. Daga nan keke ya daina kama zare ɗungurungum, allura ta yi ta huda ƙyalle tana wucewa, ba abin da ta bari sai ramuka a jere.

Masu magani suka hallara. Gwaggon maigidana da ta zo daga Maiyama ta ce kambun baka ne, a yi masa turare. Inna ta ce a kai shi Aliero, garin da ake kai wanda ƙashinsa ya karye gida uku ya dawo da ƙafarsa, "balle ɗan ƙarfe." Maigida, da ya gaji da ganin fuskata a murtuke, ya kira almajirin gidan ya ce maza ya nemo mai gyaran keke.

Ya nemo shi kuwa. Bayan la'asar sai ga bawan Allah da famfo a hamata, da gwangwanin sholisho, da tsohon tub a wuya. Ya yi sallama, aka shigo da shi zaure, aka fito masa da majinyaci. Ya zagaya shi sau biyu.

"Malam, ina tayar?"

Da yake ba a son mutum ya koma hannu rabbana, shi ma bai so ya koma bai taɓa komai ba, sai ya gano bel ɗin fatar da ke haɗa babban wili da ƙarami. Ya ce wannan ai ita ce sarƙarsa, kuma ta saki. Ya yanke mata kusan tsawon yatsa, ya sake ƙullawa da waya. Ya karɓi kuɗin ƙafa ya tafi. Feda da da take motsi da ƙyar, yanzu ko mutum biyu suka hau ba ta san sun hau ba.

Ranar kasuwar Jega na kwance kan keken daga teburinsa. Ƙarfe ne zalla, nauyinsa ya kai na yaron da aka yaye. Don kada ƙura ta ƙara masa ciwo, na naɗe shi cikin bargon nan da ban gama ba, na rungume, na hau bayan ɗan kabu-kabu. Da muka sauka tasha wata dattijuwa ta dube ni, ta dubi abin da na rungume, ta ce, "Sannu ɗiyata, Allah shi ba shi lahiya. Zazzaɓi na?" Na ce amin, na ce mata ciwon ciki ne. Ban yi ƙarya ba.

Mai gyaran na gaskiya wani dattijo ne a wata 'yar rumfa, tabarau ɗaure da zare, kawunan matattun kekuna jere a bayansa kamar kawunan raguna ranar Layya. Na gaida shi, na kwance goyo. Bai tambaye ni komai ba. Ya kama ƙaramin wili ya juya, wili ya ƙi. Ya sunkuya ya kai hanci. Ya ɗago. Ya sake kai hanci.

"Hajiya, mi kinka soya cikin wanga keke?"

Na ce, "Baba, ɗan mai ne na sa masa."

"Wane irin mai?"

Na faɗa a hankali, yadda yaransa biyu ba za su ji ba. Shi kuwa ya maimaita da ƙarfi yadda mai sayar da albasa na rumfa ta uku zai ji. Ya kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya su zo su shinshina. Wani ya ce saura gishiri da tattasai.

Da dariya ta lafa ya yi mini karatu, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane. Man keke, in ji shi, daga man fetur ake tace shi, siriri ne fari kamar ruwa, ba ya daskarewa. Man gyaɗa kuwa in ya sha iska sai ya yi kauri ya koma danƙo, ƙurar hunturu da burbushin zare su sami wurin kwana. Ya kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, ya sa tsinke tsakanin haƙoran da ke jan ƙyalle, ya zaƙulo wani dunƙule baƙi mai maiƙo, girman goro, da gawarwakin kiyashi a ciki. Ya ɗora mini a tafin hannu, wai in riƙe shekara gomata.

Sannan ya zare allurar ya ɗaga ta saitin idona. Gindinta gefe ɗaya a shafe yake, kuma yana da inda ya kamata ya kalla, don ƙugiyar da ke ƙasa ta sami zaren ta cafke. Ni na juya ta baya. Notin da na ɗaɗɗaure kuwa, ɗaya daga ciki shi ne mai daidaita ƙarfin zare, na shaƙe shi har wuya. Da ya ji labarin bel bai ce komai ba, tabarau kawai ya cire ya goge.

Ya wanke cikin da kananzir, ya bar shi ya tsane, ya ɗiga mai ɗigo ɗaya-ɗaya a kowace ƙofa. Ɗigo ɗaya! Ya ɗora kan a teburinsa ya taka, keke ya ɗauki waƙa.

Kuɗin aiki da sabon bel naira 3,000. A jakata akwai kuɗin komawa gida kawai. Layin mai POS ya kai bakin titi, kuma an ce kuɗinsa sun ƙare tun hantsi. Na ce zan tura masa ta waya, ya ce shi ba ya cin kuɗin da bai ji ɗuminsu a hannu ba. Idonsa ya sauka kan bargon. Ya shafa, ya duba ɗinkin, ya ce kusurwoyin sun haɗu, ba laifi. Na bar shi jingina, na rungumo keke tsirara zuwa gida.

Sai bayan mako uku na haɗa kuɗin na koma. Tun daga nesa na hango shi. An rataye bargona a gaban rumfa yana tare rana, iska tana kaɗa ankon bikina, guntun yunifom ɗin ɗana ya sha shatin yatsu biyar na baƙin mai. Baba ya ce tun da ya rataya shi ba wanda ya sake ɓatan hanyar rumfarsa, mutum uku ma sun taya. Ya tura mini kuɗina, ya ɗora kwalbar man keke a kai, ya ce a bar ciniki a haka. Na buɗe baki zan yi gardama, sai na ga yaran nan biyu sun fara shinshina iska suna kallona.

Da na ba Inna labari ta ce alhamdu lillahi, yau dai tsumma ya biya bashi.

In kun shiga kasuwar Jega kuka ga rumfa mai labulen ƙyallaye, gefe ɗaya ba a kalmashe ba, aikina ne. Ku yaba ku wuce. Kada ku tambayi dattijon mai shi, don zai gaya muku, har da kwaikwayon muryata.