Malamin da ba ya riƙe bulala

Yanzu kowa gwani ne. Mutum ya kalli bidiyon minti shida a YouTube, sai ya ɗauko sufana ya nufi janareton gida yana huci.

To, ranka ya daɗe, kafin ka kwance noti ko ɗaya, kalli bidiyon har ƙarshe. Malaman nan suna da wani hali: sai ka tsiyaye fetur, ka baje kafireto a kan tabarma, sannan su tuna maka cewa aikin sai da wani ƙarfen da ba ka da shi. Duba kuma ko injin malamin irin naka ne, don kama da wane ba ta wane.

Farkon bidiyo gaisuwa ce da roƙon a danna ƙararrawa. Taɓa gefen dama na fuskar waya sau biyu, ka tsallake daƙiƙa 10, ka yi ta yi har malam ya gama gai da dangi. In mai surutu ne, ƙara gudun zuwa 1.5. Da an zo inda yatsunsa ke aikin gaske, mayar da shi 0.5, ka maimaita sau goma, ba zai yi tsaki ba.

Ɗauki hoton kowane ƙarfe kafin ka cire shi. Kwancewa ake nunawa dalla-dalla, ɗaurawa kuwa sai a ce maka ka mayar yadda ka gani.

Sannan ka cika batirin waya tun da wuri, domin majinyacin da ka farke wa ciki shi ne mai yi mata caji.