A Damagaram, Dutse Muke Dafawa

Bayan sallar isha'i, in iska ta ɗan sako, ƙofar gidan Malam muke shimfiɗa tabarma, nan cikin Birni, ba nisa da fadar Sarki. A ɗora butar shayi bisa gawayi, kowa ya zube abin da ya jiyo. Daren jiya kuwa zance ɗaya ne a bakin kowa: yaron nan mai kabu-kabu ya dawo.

Wata biyu ke nan da ya sulale. Babur ɗin na wani ɗan kasuwa ne, ya faɗi da shi, gyara ya ci kuɗi, abin da yake kai wa mai babur kullum ya taru har jika 80. Sai ya kashe salula, ya bi tasha tun kafin kiran assalatu, aka ce an gan shi Agadas. Ya bar mata da goyo, ya bar tsohuwa tana amsa sallamar mai bin bashi.

Wani ya ce, "To me ya dawo da shi? Ya samo ne?"

Baba tela ya ajiye kofinsa ya ce, "Bai samo ko dala ba. Salla ce ta koro shi gida. Da bakinsa ya faɗa mini, duk ya ɗaga hannu zai roƙi buɗi, sai fuskar mai babur ta tsaya masa. Ya ce, Baba, da wane baki zan roƙi Allah, ga hakkin wani a wuyana?"

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Da aka sallame sallar asuba, Malam ya riƙe hannunsa, liman na gaba, suka nufi gidan mai babur. Yaro ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, na yi kuskure, ga ni." Alhaji ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya yafe jika 20, sauran aka yanka jika biyu duk Juma'a, liman ne shaida. Aka shafa fatiha.

Haka muke yi a nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin kunyar shi ne mutum ya riƙa sauya hanya don kada ya haɗu da mai shago. In abu ya yi nauyi, akwai dattijon unguwa, akwai liman, akwai mai unguwa, in ta ƙi a dangana da alƙali a fada. Duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke, amma sai mutum ya kai ƙafarsa.

Sai wani saurayi ɗan Jami'ar André Salifou ya ce, "Gafarta Malam, ai mu ne muka fi kowa cewa na bar wa Allah. Wannan ba shi ne gudun ba?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ana bar wa Allah sakamako, ba a bar masa aikin da ya ɗora maka. Dubi Annabi Yunusa, da mutanensa suka ƙi jin kira ya yi fushi ya bar su, ya shiga jirgi. Ina ya kwana? Cikin kifi. Da ya tuba Allah ya fitar da shi, aka sake aika shi ga jama'a, suka yi imani. Dubi Nana Hajara, ita da jariri a kwarin da babu ruwa. Ta yarda Allah ba zai tozarta su ba, amma sau bakwai tana kai da komo tsakanin Safa da Marwa kafin Zamzam ya ɓuɓɓugo. Har gobe alhazai suna bin sawunta."

Inna da ke jin mu daga zaure ta ɗaga murya: "Malam, wannan ai mu matan Damagaram ne ka faɗa!" Gaskiyarta. In bazara ta yi, garin nan da ke zaune bisa duwatsu ƙishirwa yake yi. Ruwan da ake turowa daga Gogo da Arunguza ba ya isa, 'yan garuwa su tsauwala. Ka fito ƙarfe uku na dare ka ga mata sun jera bido a bakin pompo, carbi a hannu, ana salati ana jiran ɗigo. Ba wadda ta kwanta ta ce Allah zai cika mata randa. Mai haƙuri, aka ce, shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Amma dafa dutse sai da itace, sai da hura wuta.

Baba tela ya ce akwai kuma gudun da ake yi a zaune. Yaro ya rasa aiki, ko gida ya yi masa zafi, sai ya haɗiyi tramol ya lafe a majalisar samari har gari ya waye. Matsalar tana nan tana jiransa, ga wata ta ƙaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2021 'yar garin nan Aïcha Macky ta fito da fim kan samarin Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana juya wa baya. Duniya ta kalla, mu kuwa kullum muna ganinsu ido da ido. Wanda duk ya fita daga wannan rami, in ka bincika, wani ne ya zauna da shi, ya ja shi sahu, ya nema masa abin yi.

Kada wani ya ce muna zagin tafiya. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ƙarfafa ganuwar birnin nan, ayari ke sauka Zango daga hamada, fatake na zirga-zirga zuwa Kano. Ci-rani gadonmu ne. Mai ci-rani yakan yi sallama, uwa ta sa masa albarka, ya aiko da na hatsi, damina ta faɗi ya dawo gona. Mai gudu kuwa ko matarsa ba ta san inda ya nufa ba.

Da zance ya kai nan sai wuri ya yi tsit, don kowa ya tuna Oktoban 2013. Mutum 92, akasari mata da yara, da yawansu daga Kance, ƙishirwa ta kashe su a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Malam ya ce, "Waɗannan bayin Allah kada kowa ya zarge su, yunwa ce ta fitar da su. Mu za a tambaya. Ina zakkarmu ta tafi? Wa ya leƙa tukunyar maƙwabcinsa? Ba a ce wa mutum ya yi haƙuri a bar shi da ciki wayam." Muka yi musu addu'a.

Shi ya sa a unguwar nan, in aka ga mutum ya daina fitowa masallaci kwana biyu, ba a jira. A aika yaro ya yi sallama, ko dattijo ya tafi da kansa ya ce, "Lafiya muka ji ka shiru?" Sau da yawa wannan tambaya ce ke kwance bakin jakar da aka riga aka ɗaure.

Garin ma haka ya yi. Faransawa sun ci shi a 1899, suka mai da shi babban birnin ƙasa, a 1926 suka ɗauke suka kai Yamai. Fari ya zo a 1973, ya komo a 1984. Damagaram tana nan inda take, ladan bai fasa kira ba.

Ana zuba shayi na uku sai ga ƙarar babur. Yaron ne ya taso daga aiki. Ya kashe, ya tuɓe takalmi, ya gaida kowa, sannan ya zaro kuɗi a naɗe ya miƙa wa Malam. Ya ce, "Baba, a ajiye mini, kada in taɓa kafin Juma'a." Malam ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Muka amsa da amin, aka matsa masa wuri a tabarma.